GARGAƊIN YUNWA TUN KAKA AKE YINSA



Kowace shekara, da zarar hatsi ya nuna, ma'aikatan gona sukan bi karkara gunduma gunduma, su duba gonaki, su auna damma, su lissafa abin da aka samu, su rubuta takarda su aika Yamai. Kafin a gama sussuka, akwai mutane a cikin ofisoshi waɗanda suka san garin da rumbunsa zai kai damana da garin da nasa ba zai wuce watanni uku ba. Tambayarmu yau ita ce: wannan sani, wa ke da shi? Na mai ofis ne, ya ajiye a aljihun tebur har ran da ya ga dama, ko kuwa na mai rumbu ne wanda ƴaƴansa za su kwana da yunwa? Mu dai mun ce na mai rumbu ne. Ma'aikaci riƙon amana aka ba shi, kuma akwai yadda ake sauke wannan amana, akwai yadda ake cin ta. Tarihin ƙasar nan ya nuna mana duka biyu.

Tsofaffi sun ba mu labarin Kakalaba ta 1913 da 1914, zamanin da waya da mota ba su yawaita ba, babu wanda zai ce an sani an ɓoye. Amma ta 1931 daban take. Fara da ƙarancin ruwa sun lalata amfanin yammacin ƙasa, wajajen Doso da Filinge da Yamai, kumandojin Faransa suna zaune a bariki suna gani, ba su fasa karɓar bodo ba, wasunsu ma suka rubuta wa na gaba da su cewa lalacin baƙin mutum ne ya jawo. Sai da mutane suka mutu da yawa, wasu suka watse suka bar garuruwansu, sannan aka aiko mai bincike daga Faransa, aka sauya gwamna, aka ɗora wa talaka rumbun tsimi na tilas. A 1973 da 1974 kuwa mulki yana hannun ƴan ƙasa. Fari ya kashe dabbobi, makiyaya suka cika bakin garuruwa, ga zargi ya cika gari cewa hatsin taimako yana ɓacewa a hannun manya. Ran 15 ga Afrilu 1974 Saini Kunce ya tumɓuke Jori Hamani, kuma cikin dalilan da sojoji suka kawo har da yadda aka riƙe al'amarin yunwa. Tun daga ranar, duk wanda ya hau gadon mulki a Yamai yana jin tsoron kalmar nan kamar maciji a ɗaki. Ku riƙe wannan, don shi ne saiwar abin da ya faru daga baya.

Wahalar shekarun nan ta haifar da kayan aiki. An kafa CILSS a 1973, an buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don bin sawun ruwan sama da amfanin gona, ga OPVN mai ajiyar hatsin gwamnati tun 1970, sannan a 1989 aka kafa ofishin gargaɗin gaggawa da ake kira SAP. Saboda haka da damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a arewacin ƙasar noma, babu mai cewa an shammace shi. An auna, an samu giɓin hatsi na tan 223,000 da ƴan kai, giɓin ciyawar dabbobi kuwa ya wuce tan miliyan 4. Mu faɗi gaskiya ko a kan wa: cikin Nuwamba 2004 gwamnati ta nemi taimakon tan 78,100 daga ƙasashen waje, masu hannu da shuni na duniya suka yi kunnen uwar shegu. Wannan laifinsu ne, ba mu yafe musu ba. Amma wannan roƙo da jakadu da manyan ƙungiyoyi aka yi shi, cikin Faransanci, a daidai lokacin da ƙasa ke cikin hayaniyar zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Nuwamba da 4 ga Disamba. Manomin Gidan Rumji da ke kai hatsinsa kasuwa da kaka don ya biya bashin bara, tan 223,000 ba ta gaya masa kome ba. Abin da yake bukata a gaya masa shi ne, buhun da kake sayarwa yau da araha, da bazara ba za ka iya sayensa ba.

Haka kuwa aka yi. Buhun hatsi mai kilo 100 da aka saya jika 10 da ƴan kai da kaka, ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni cikin Yuli 2005. Hatsi ya yi tsada a Nijeriya, ƴan kasuwa suka bi riba, maƙwabta irin su Mali da Burkina Faso suka tsuke fitar da nasu. Dabbobi suka rame, kuɗinsu ya faɗi, makiyayin da a da zai sayar da akuya ɗaya ya ɗauki buhu, sai ya haɗa biyu ko uku. Hatsi yana nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. A cikin wannan hali ne aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan madara da garin alkama da sukari da ruwa da wuta a farkon 2005, har jama'a suka rufe kasuwanni cikin Maris, gwamnati ta ja da baya cikin Afrilu. Ku duba wannan saƙo: baki yana roƙon abinci a waje, hannu yana ƙara haraji a gida. Wanne talaka zai gaskata?

Daga nan sai magana ta rabu biyu a bakin gwamnati ɗaya. Jaridar gwamnati Sahel Dimanche ta buga labarin yunwar da ake ciki, aka sauke shugabar editocinta daga kujerarta. A ƙarshen Mayu firaminista Hama Amadu ya tsaya gaban majalisa ya yi kiran neman agaji. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3 da dubu 600 abin ya shafa, ta nemi dalar Amurka miliyan 16 cikin Mayu. Gwamnati da masu ba da taimako suka tsaya kan sayar da buhu jika 10, suka ƙi rabon kyauta don kada kasuwa ta lalace, alhali wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba shi da ko jika ɗaya. Mata suna tafasa anza da jiga, suna tonon gidan tururuwa. Cikin Yuli BBC ta nuna wa duniya hotunan yara a asibitin tamowa, sai ga jiragen abinci, sai ga rabon kyauta cikin Agusta, kuɗin da ake nema kuwa ya tashi zuwa dala miliyan 81. Ana cikin haka shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya gaya wa BBC cikin Agusta cewa babu yunwa a Nijar, mutanensa a ƙoshe suke kamar yadda kowa ke gani, ya kuma zargi ƴan adawa da ƙungiyoyin agaji da zuzuta abin don amfanin kansu. A watan nan ne Kofi Annan ya zo Damagaram ya gani da idonsa. A shekarar, likitocin MSF kaɗai sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

A jihar Maraɗi fa, rumbun ƙasa! Nan ne darasin da ya fi kowane zafi. Ma'aunin gargaɗi na lokacin yana kallon gona, watau inda ruwa ya ɗauke da inda fara ta sauka, sai hankali ya tafi arewa. Ashe yaran da ke mutuwa sun fi yawa a kudu, wajajen Madarunfa da Gidan Rumji da Agye, inda aka yi noma amma gonaki suka tsuke, bashi ya cinye amfani tun yana tsaye. Da an saurari matan da ke layi a bakin likita, da masu awo a kasuwa, da an ji wannan tun da wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, masu kare shugabannin wancan lokaci suna da hujjojinsu, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba.

Suna cewa in an yi shelar yunwa, ƴan kasuwa za su ɓoye hatsi, farashi ya haura, jama'a su firgita. Muna tambaya: wane babban ɗan kasuwa ne ke jiran shelar gwamnati? Yana da yaransa a kowace kasuwar ƙauye, yana da abokan ciniki a Jibiya da Dawanau, ya san yadda damana ta kasance tun kafin takardar ma'aikacin gona ta isa Yamai. Shirun hukuma bai rufe idon mai sito ba, idon mai rumbu kaɗai ya rufe. Watau ɓoyon nan da ake cewa don talaka ake yi, shi ne ya ba mai kuɗi damar saye da araha daga hannun wanda bai sani ba.

Suna cewa mutuncin ƙasa ne, ba ma son a riƙa nuna ƴaƴanmu a talabijin ɗin Turai da ƙudaje a ido. Mu ma ba ma so, kuma wanda ya ce hotunan nan ba su yi masa ciwo ba, ba ɗan ƙasa ba ne. Sai dai a tuna me ya kawo masu hoton. Jinkiri ne ya kawo su. Da an yi maganin abin cikin Janairu, da babu abin ɗauka cikin Yuli. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hana ƴan jaridar BBC aikin labarin yunwa da aka yi a 2006, da dakatar da MSF ta Faransa a Maraɗi a 2008, ba su ƙara wa ko yaro ɗaya nauyi ba.

Hujjarsu ta uku ta fi ƙarfi. Suna cewa kalmar da Nasara ke kira famine tana da ma'auni wurin masana, kuma abin da aka yi a 2005 bai kai can ba. Gaskiya ne masana da dama sun kira shi matsananciyar matsalar cimaka a wasu yankuna. Ma'aunin da duniya ta yarda da shi daga baya yana da hawa 5, ba a kuwa kiran hawa na biyar sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci ƙaƙaf, yara 30 cikin ɗari sun kamu da tamowa, mutum 2 cikin 10,000 suna mutuwa kowace rana. To, mun ji. Amma wannan gardamar ofis ce. A bakin Bahaushe yunwa yunwa ce, macen da ta kwana uku tana dafa ganye ba ta jiran a cika lissafi. In shugaba ya ce babu yunwa yana nufin ma'aunin masana, ita abin da ta ji shi ne, ba a san da ke ba, kada ki sa ran kome. Ma'aikaci yana iya faɗin magana wadda kowace kalmarta gaskiya ce, ya kuma yaudari jama'a da ita. Abin da ya kamata a faɗa shi ne: abin bai kai na 1974 ba, amma a gundumomi kaza da kaza yara suna mutuwa, ga abin da muke yi, ga abin da za ku yi.

Ku dubi 2010 ku ga bambanci. Damanar 2009 ta lalace, bincike ya nuna mutum fiye da miliyan 7 suna cikin haɗari, ninki biyu ke nan na 2005. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, Salu Jibo ya fito fili ya ce yunwa tana barazana ga miliyoyin ƴan ƙasa, cikin Maris kuma firaminista Mahamadu Danda ya nemi taimakon duniya. Ba muna yabon juyin mulki ba ne, faɗin gaskiya ba ya bukatar bindiga. Abin lura shi ne, kalmar da aka shekara talatin da shida ana gudu an furta ta a rediyon gwamnati, sama ba ta faɗo ba. An sha wahala a shekarar, dabbobi sun mutu da yawa, amma ma'aikatan lafiya da na agaji sun yi aikinsu a sarari, ba mai tsoron a kore shi don ya ƙirga yara.

Saboda haka ga abin da muke nema daga kowane mai riƙe da hukuma, tun daga minista har perefe da magajin gari, ko a kan yunwa ne, ko sanƙarau, ko ambaliya:

1. A faɗa da wuri. Gargaɗin da ya zo cikin Nuwamba yana hana sayar da hatsi da araha, yana ba makiyayi damar rage garke tun dabba tana da nama, yana ba samari damar shirya cin rani da noman rani. Wanda ya zo cikin Yuni ihu ne bayan hari.

2. A faɗa da harshen mutane da ma'auninsu. Da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a rediyo da bakin sanƙira ranar kasuwa. A bar tan da kashi cikin ɗari ga masu ofis. A ce tiya nawa, jika nawa, rumbu zai kai wane wata, a ambaci sunan gunduma da ƙauye.

3. A raba abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Ba abin kunya ba ne ma'aikaci ya ce, giɓin gona mun auna shi, amma farashin bazara ya danganta da kasuwar Nijeriya, za mu dawo muku da labari ranar kaza. Sai kuwa ya dawo ranar. In lissafinsa na farko ya kuskure, ya gyara da bakinsa kafin wani ya gyara masa.

4. Kada a ba mutum tsoro hannu wofi. Kowane gargaɗi ya zo da abin yi: ina ake sayar da hatsin rangwame, wace rana, nawa buhu, wa ke da hakki, ina za a kai yaro. A ƙasar Mirya, a 2013 da 2014, ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA sun koya wa uwaye auna dantsen ƴaƴansu da ɗan zare mai launi, in ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, a garzaya likita. Aka tarar uwaye suna gane tamowa kamar yadda ma'aikatan sa-kai ke ganewa. Wannan ya isa amsa ga mai cewa talaka ba zai fahimta ba.

5. Gwamnati ta yi magana da baki ɗaya. In firaminista yana kuka shugaban ƙasa yana musu, jama'a za su bar su duka biyu su koma ga ji-ta-ji-ta, yanzu kuwa da wayar salula ƙarya tana isa Gure daga Yamai kafin a sha fura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

6. Kada a hukunta mai kawo labari. Ran da aka sauke edita ɗaya don ta rubuta yunwa, kowane malamin gona da malamin asibiti a ƙasar ya koyi darasi, daga nan takardun da ke hawa Yamai sai su zama masu daɗin ji. Shugaban da ya toshe bakin na ƙasa da shi, kunnensa ya toshe.

Wannan ma'auni kuwa a kan kowa yake. Mai adawa da ya ƙara gishiri, ya ce mutum ɗari sun mutu inda goma suka mutu don ya ɓata abokin hamayya, da ƙungiyar agaji da ta zuzuta don asusunta ya cika, su ma sun ci amanar nan. Gobe in suka yi kuwwa ta gaskiya ba mai fitowa, kuma su ne suka ba mai musu sandar dukansu.

Ku kuma ƴan'uwa na rassa, kuna zaune a bakin kasuwa, kuna ganin abin da mai ofis ba ya gani. A kowane reshe a sami mutum ɗaya mai littafi. Kowace ranar kasuwa ya rubuta kuɗin tiyar hatsi da ta dawa da ta wake, da kuɗin akuya da rago, ya lura ko mata sun fara kawo ƙananan dabbobi masu ciki da kayan ɗakinsu, ko samari sun tafi cin rani kafin lokaci, ko gidaje sun koma tuwo sau ɗaya. Abin da ya gani da idonsa shi zai rubuta, da rana da sunan kasuwa, ban da an ce an ce. Ku kai wa mai gari da magajin gari, ku riƙe kwafi. In shelar hukuma ta fito, ku karanta ta a taro, ku fassara wa waɗanda ba su yi lakwal ba, ku tambayi ma'aikaci a gaban jama'a cikin ladabi: yaushe kuka sani, me kuka tabbatar, me za mu yi, yaushe za ku dawo? Wanda ya amsa waɗannan huɗu, ku taya shi yaɗa maganarsa ko da ba ku shiri da shi, don in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wanda ya karanta wannan takarda ya miƙa wa na kusa da shi. Allah ya ba mu damana mai albarka. Wassalam.